Gidan katako a dajin gwamnatin Amurka: ginin naka, ƙasar ta wani

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Sakaramento a jihar Kalifoniya. Shekararsa 12 yana tuƙin babbar mota, ya ɗan tara abin da ya tara. Dillali ya nuna masa gidan katako a dajin Eldorado, kan hanyar tafkin Tahoe, kuɗinsa bai kai rabin na gidan cikin gari ba. Ya ce masa filin na gwamnati ne, amma "ai kamar C of O ɗinku ne na gida", wato takardar mallakar fili. Niyyarsa ya saki haya ya koma can da iyali, in sun yi tafiya ya zuba 'yan haya ta Airbnb, manhajar ba da hayar gida ta 'yan kwanaki. Ga kuma yayansa a Kano yana yi masa gori, wai shekara 12 ko bulo ɗaya bai ajiye ba.

Ƙanena, kada ka ba da ko sisin kafin alƙalami sai ka karanta wannan.

Abin da ake sayar maka katako ne da rufi da murhu. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta Hukumar Gandun Daji ta Amurka ce, kuma ba za ta taɓa zama taka ba. Tsarin ya samo asali daga wata doka ta 1915, gidajen irin wannan kuma sun kai wajen 14,000 a faɗin ƙasar. Hukumar takardar izini take bayarwa, ta shekara 20 in ta yi tsawo. Ina wannan ina C of O mai shekara 99, wanda kake kai wa banki jingina? Takardar ma ba ta bin gida kai tsaye. Ta mai sayarwa mutuwa take yi, kai ka nemi sabuwa da sunanka.

Ga inda shirinka ya rushe gaba ɗaya. An hana mayar da waɗannan gidaje mazaunin dindindin. Na hutu ne, dole ka kasance da wani gidan da kake zaune. Wato hayar da kake son gudu tana nan daram, ka ƙara wa kanka kaya ne a kanta. Batun Airbnb kuwa ka cire shi daga ranka. Ba a yarda a yi kasuwanci da su ba, ɗan hayar da ake ɗaga ƙafa a kai sai da rubutaccen izini. Ko fentin bango za ka sauya, ko itace ɗaya za ka sare, sai jami'in daji ya sa hannu.

Kuɗi kuma ba ya ƙarewa ranar ciniki. Wata doka ta 2014 ta kasa kuɗin fili da ake biyan hukumar duk shekara mataki 11, daga dala 650 zuwa 5,650, ana ƙarawa gwargwadon tsadar rayuwa, ga na sauya suna da ya fara daga dala 1,200. Yawancin bankuna ba sa ba da bashin gida a kan ginin da ba shi da fili, sai dai ka zazzage ajiyarka duka. Inshora a wannan yanki ita ma aiki ce tun bayan gobarar Caldor ta 2021, wadda ta cinye gidaje irin wannan a dajin da aka kai ka. In wuta ta ci, sake gini sai hukuma ta amince. In kuma wata rana izinin ya ƙare ba ta sabunta shi ba, kai za ka kwashe gininka da kuɗinka.

Na ga wani mutumin Damagaram da irin wannan dillali ya kai shi ya baro. Rani aka kai shi, ga inuwa ga ƙorama, har ya yi bidiyo ya aika gida. Hunturu na zuwa ƙanƙara ta rufe hanya, aka tsayar da ruwan famfo kada bututu ya fashe. Da ya kira dillalin, sai ya ce ai duk yana cikin takarda. Kuma yana ciki. Dillali la'adarsa yake kallo, ranar da aka sa hannu ya gama da kai.

Yayanka kuwa, ka ba shi girmansa, amma a wannan magana ina bayanka. Wanda ya shekara 12 yana kwana a mota yana aika kuɗin makaranta da na asibiti bai cancanci gori ba. Bulon da bai gani ba, cikin waɗancan aike-aiken ya narke. Hoton gida yake so ya nuna a majalisa, ba shi zai biya dala dubu nawa duk shekara ba. Ka faɗa masa cikin ladabi cewa kuɗin na gidan da 'ya'yanka za su zauna ne, a nan ko a Kano.

In har ranka na kan gidan don hutu kawai, kuma aljihu zai ɗauki gida biyu, ka karɓi kwafin takardar izinin mai sayarwa, ka je ofishin jami'in dajin yankin da ƙafarka, ba tare da dillali ba. Ka tambayi shekarar da izinin zai ƙare, matakin kuɗin da filin yake, da ko akwai gyaran da ake bin mai gidan bai yi ba.