Ƙanena, ga amsarka kan wasan bocce

Ƙanena, saƙonka ya iso. Kana son zuwa karatu Italiya, amma tambayarka ta farko ita ce sunan wasan da ka ga tsofaffi na yi a hoton da na tura gida. Sunansa bocce, kuma yadda Bahaushe zai karanta shi haka Italiyawa ke furtawa. Jam'i ne, tilonsa boccia, wato ƙwallo. Wasu masana harshe na danganta shi da bottia, wata kalmar Latin ta bakin talakawa mai nufin abu dunƙulalle.

Ƙwallaye takwas ne, kowane ɓangare huɗu. Ana fara jefa wani ɗan ƙarami, pallino, sai a riƙa gangara manyan, wanda nasa ya fi kusa da shi ya ci maki. Tun 1897 ƙungiyoyin wasan suka haɗa kai a Rivoli, nan kusa da Torino inda nake. 'Yan ci-ranin Italiya suka kai shi Amurka da Ajantina.

Daga sunan nan aka samu bocciare, wato ka buge ƙwallon abokin karawarka ka kawar da shi. Da ita kuma ake cewa an kayar da ɗalibi a jarrabawa. Wannan kalma ita za ka ji tsoro. Jarrabawa da yawa a nan ta baki ce: ka zauna gaban malami, ɗalibai na saurare, yana yi maka tambaya. Maki 30 ne, ƙasa da 18 ka faɗi. Ba a sabunta maka takardar zama sai ka ci jarrabawa ɗaya aƙalla a shekarar farko, biyu a kowace shekara bayan nan. Aikin da doka ta yarda ɗalibi ya yi awa 20 ne a mako, kuɗin haya kaɗai zai lashe shi. Ni akwai mai gidan da ya ce ɗaki na nan, yana ganin fuskata ya ce an kama. Har yau abin na ci mini rai. Duk da haka na gama digirina da guminna, alhamdulillahi.

Kada ka ko tada mini zancen hanyar Agadas da Libiya. Fara koyon Italiyanci har matakin ƙwarewar harshe da ake kira B2, ka yi rajista ta Universitaly, wato shafin intanet na neman shiga jami'o'in Italiya, sannan mu yi maganar biza. Ka gaida Inna.