Tururuwa, Kwarkwasa da Makesu

Wata 'yar uwa daga Tawa ta rubuto: "Malam, na ga bidiyon tururuwa a kurmin Kwango, sun jeru kamar kogi, duk ƙwaron da suka tarar sai sun cinye. Irin tamu ce? Sannan ƙwaron nan mai walƙiya da dare, yaya sunansa?"

'Yar uwa, wadda kika gani kwarkwasa ce. Bahaushe ya ba kowace sunanta: kiyashi na bin sukari, cinnaka ana mata kirari da "ba ki san na gida ba", gwano kuma ba ya jin warin jikinsa. Tururuwa ita ce mai jidar tsaba, mai rumbu a ƙarƙashin ƙasa. Mutanen Adar sun san rumbun nan sani mai ɗaci, don a shekarun yunwa, har ta 2005, mata sun haƙa gidanta suna sheƙe ƙasa don 'yar tsabar da ta tara. Ina roƙon matasa su riƙe kalmar tururuwa da nauyinta.

Kwarkwasa ba ta ajiya, nama take ci. Ma'aikatanta makafi ne, da sansanawa suke bin sawun juna, kuma gida guda kan haura miliyan 20.

Mai walƙiyar kuwa makesu ne, dangin buzuzu, iri sama da 2,000 a duniya. Da damina, a bakin tafki irin na Tabalak, yaro kan kama shi ya rufe a tafin hannu, hasken na leƙowa ta tsakanin yatsu, bai ƙone ba. Wutar a ƙarshen cikinsa take, ba ta da zafi. Namiji na yawo yana ƙyaftawa, mace na amsawa daga cikin ciyawa: zance ne. Sai dai da yake ba ya cizo, ba ya taɓa hatsi, masu karin magana ba su cika waiwayarsa ba.

Tururuwa suka sa wa ido, har suka ce in ta tashi lalacewa sai ta yi fukafukai. Bayan ruwan fari masu fukafukan ke fitowa aure. Mazan mutuwa suke, matan da suka tsira daga bakin tsuntsu su karkaɗe fukafukan su haƙa sabon gida.