Tutiyar da ke ƙarƙashin jirgi

Ka ce ka ga bidiyon masu zama cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska, kana tambaya ko mai gyara na da abin yi wurinsu, tunda ba taya, ba birki, man ma kaɗan suke sha. Ɗana, ajiye gudumar nan ka saurara.

Sa'ad da na yi ci-rani a Dakar, a gaɓar Hann inda irin jiragen nan ke tsayawa, ban ga mai jirgin da ya wuni zaune ba. Mu nan Damagaram ƙura da rana ke damun aikinmu. Can kuwa gishiri ne, wajen giram 35 cikin kowace litar ruwan teku. Ga zafi, ga laima, tsatsa ba ta hutu.

Amma abin da ya fi tsatsa ɓarna shi ne haɗuwar ƙarfe iri biyu. Farfelar injin jirgi da ke cikin ruwa ta tagulla ce, sandar da ke juya ta kuwa farin ƙarfe ne marar tsatsa. In suna manne cikin ruwan gishiri, ƴar wuta na gudana tsakaninsu, mai rauninsu ya yi ta zagwanyewa. Shi ya sa ake ɗaura dunƙulen tutiya a jikin sandar. Ta fi su duka rauni, sai ruwa ya ci ta ya bar farfela. Aikin da take yi wa kwanon rufin da kuke yankawa kullum ke nan. Kafin ka ɗaura ta, kankare wurin har ya yi ƙyalli, don in ba ta taɓa ƙarfen sosai ba ado kawai ka yi. Kada fenti ya taɓa ta. In rabinta ya cinye, a sa sabuwa. In kuwa ka tarar da ita garau bayan shekara guda, kada ka yi murna, ba ta aiki ne, je ka duba farfela.

Sauran, wahalar yau da gobe ce. Ruwan ɗumi na saurin tsirar da gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo a gindin jirgi, su rage masa gudu. Sai a nutse a kankare, duk shekara ɗaya ko biyu a fid da shi tudu a shafa fenti mai jan ƙarfe. Rana na cin zaren ɗinkin ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgi, don haka da an tsaya ake naɗe shi a rufe. Wuta daga sola take, ruwan sha kuma awo ake yi masa.

Kowace safiya mai jirgi na ɗaga katakon daɓe ya duba ruwan da ya taru a ƙasa, ya ɗanɗana da yatsa. In babu gishiri, tanki ne ke yoyo ko ruwan sama ya shigo, yana iya shan shayinsa tukuna. In da gishiri, teku ce ta sami kafa, sai an gano ta kafin a ɗora tukunya.