Zane a gida da ƙananan yara: in haƙura sai sun girma?

Tambaya: Malama, tun kafin in yi aure nake zane da fentin mai. Yanzu ina da yara biyu, babban shekara 4, ƙaramar wata 10. Duk ranar da na fito da kayan zane, kafin in gama haɗa launi ɗaya ya tashi da kuka. Wata shida ke nan ina kan hoto ɗaya, maigida kuma yana ƙorafin wari. Shin in haƙura sai sun girma?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki haƙura. A ganina fentin da kike amfani da shi ne bai dace da halin da kike ciki ba. Fentin mai yana son mai dogon zama. Fito da kaya, matse launi, wanke buroshi bayan an gama, wannan kaɗai zai iya cin minti 30. Idan barcin ƙaramar minti 40 ne, me ya rage miki?

Don haka ki fara da rage wannan hidimar. Ki ajiye fentin mai na ɗan lokaci, ki koma akirilik ko fentin ruwa. Akirilik idan ba a yi masa kauri ba yakan bushe cikin minti 10 zuwa 30, ruwa kawai ake wanke shi da shi. Aibinsa shi ne yana bushewa a kan faranti tun kina lallashin yaro. Maganin wannan mai sauƙi ne: ki samu roba mai murfi, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa, ki ɗora takardar gashin burodi a kai, sannan ki matse launukanki. Da kin ji kuka sai ki rufe, za ki tarar da su ɗanye ko bayan kwana biyu. Fentin ruwa ma ya fi haka haƙuri, don ko ya bushe ƙaf a faranti, ɗigon ruwa zai tashe shi. Ki rage girman aikin kuma. Takarda kamar tafin hannu biyu da za ki ƙarasa a zama uku ta fi babban hoton da ke jingine yana hararar ki.

Maganar wari kuwa, gaskiyar maigida ce. Yawanci sinadarin tsinka fenti da wanke buroshi ne, irin su tafentin, kuma shaƙarsa a ɗaki rufe na sa ciwon kai, balle ga jaririya. Akwai fentin mai da ake tsinkawa da ruwa idan kin ji ba za ki iya rabuwa da shi ba. Ki riƙa duba jikin kwalin launi ma: ja da rawaya na kadmiyam, shuɗi na kobal, da farin dalma duk ba abin bari kusa da mai rarrafe ba ne, wadda komai ta samu baki take kaiwa. Tsumman da ya sha man linsid, wato man da ake haɗa fentin mai da shi, kada ki dunƙule shi a kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta da kansa. Ki shanya shi a waje ko ki tsoma shi a gwangwanin ruwa.

Sai ki zauna da maigida ku tsayar da lokaci takamaimai, ko da awa biyu ne a mako, wanda zai riƙe yaran. "Idan an samu sarari" ba ya zuwa a gidan da ke da goyo. Babban kuwa ki ba shi takardarsa da launin yara ya zauna gefenki; zai ɓata tebur, amma zai daina jan zaninki.

Nakan tuna Berthe Morisot, mai zane 'yar Faransa. Cikin nune-nunen zane takwas da ƙungiyar masu zanen da take ciki ta yi daga 1874 zuwa 1886, ɗaya kawai ta rasa, na 1879, bayan ta haifi 'yarta Julie. Da ta dawo, yarinyar ce ta zama wadda take yawan zanawa. Ke ma ki ajiye fensir da ƙaramin littafi kusa da inda kike shayarwa, ki fara da hannun ƙaramar idan ta yi barci.