Amsa ga Hajiya kan sabunta DACA da katin aikin ɗanta

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin ce katin izinin aikin yaronki saura wata uku ya ƙare, bai tura takardun sabuntawa ba, kuma kina tambayar kwana nawa ake ɗauka, da ko zai iya ci gaba da aiki da rasit idan katin ya mutu kafin sabon ya iso. Ni ba lauya ba ce, amma tun 2013 ina kan DACA, wato shirin gwamnatin Amurka da ke ba waɗanda aka kawo ƙasar suna yara kariya daga kora da izinin aiki. An kawo ni Bronx ta birnin New York daga Kumasi ina shekara tara, kuma na sabunta sau shida.

Ki ce masa ya tura cikin makon nan. Hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, da kanta tana ba da shawarar a tura ana saura kwana 150 zuwa 120 katin ya ƙare, wato tsakanin wata biyar da wata huɗu. Shi yanzu yana kan kwana 90 ne, ya riga ya ɗan makara, amma ruwa bai ƙare wa ɗan kada ba tukuna.

Batun rasit kuwa, a nan yaranmu da yawa suke faɗawa rami. Takardar da ake aiko wa mutum mai lamba I-797C shaida ce kawai cewa takardunsa sun shiga hannu. Ba ta ƙara wa katin ko kwana ɗaya. Na san dalilin ruɗanin: wani a masallaci zai ce ai shi da rasit ya ci gaba da aiki wata da watanni. Ƙila gaskiya ya faɗa, amma katinsa na wani rukuni ne, kamar na masu neman mafaka. Ya duba gaban katinsa, zai ga an rubuta C33. Wannan rukunin namu ba ya cikin waɗanda aka taɓa tsawaita wa kai tsaye. Ranar da katin ya ƙare, ranar izinin aiki ya tsaya, kariyar kora ma ta tsaya, kuma wanda ya kai shekara 18 ana fara lissafa masa kwanakin zama ba bisa ƙa'ida ba.

Ni na ɗanɗana wannan a 2019, kuma laifina ne. Kuɗin lokacin dala 495 ne, na tsaya ina jiran zubin adashe ya zagayo kaina, ban tura ba sai da ya rage wata biyu. Kati ya ƙare, sabo bai zo ba. A wurin aikina suka kira ni ofis, cikin mutunci dai, suka ce doka ba ta ba su damar bari na ci gaba ba sai na kawo sabon kati sun sake cike fom ɗin I-9 na tabbatar da izinin aikin ma'aikaci. Sati biyar na yi a gida, ga haya, ga kuɗin da nake turawa Kumasi. Allah ya sa sun riƙe min gurbina, amma ba dole ba ne a kansu. Da na ranci kuɗin nan tun farko da ya fi min sauƙi nesa ba kusa ba. Wata ƙawata da ke wata jiha ita har lasin tuƙinta ya mutu rana ɗaya da katin, don a jihohi da dama tare ake ɗaure su.

Kwana nawa ake ɗauka? Duk wanda ya yanke miki rana, hasashe yake. A cikin sau shidan nan, akwai wanda aka amince min cikin sati uku, akwai wanda ya kusa wata huɗu, alhali ni ce dai, takardun ma iri ɗaya. Hukumar ta ce burinta ta gama cikin kwana 120. Abin da na lura yana ja ko rage lokaci shi ne zanen yatsu. A zamanin korona da bayansa sun riƙa amfani da tsohon da suke da shi, suna aiko takarda cewa ba sai ka zo ba. In kuwa an ba shi ranar zuwa, kada ya kuskura ya ƙi zuwa, ko da ranar bikin wa ake yi. Sannan bayan amincewa sai an buga katin an aiko ta gidan waya, ya ƙara kamar sati ɗaya zuwa biyu a lissafinsa.

Shawarata ya tura ta intanet. Tun 2022 aka buɗe wannan hanyar ga masu sabuntawa, lambar rasit tana fitowa nan take, kuma ya fi araha: daga Afrilun 2024 dala 555 ne ta intanet, 605 ta takarda. Ya dai leƙa shafin hukumar ya tabbatar da kuɗin ranar da zai biya. Fom uku ne, I-821D da I-765 da ƙaramin nan I-765WS da mutane ke yawan mantawa. Ya ajiye kwafin wanda ya tura a baya kusa da shi don amsoshin su daidaita. In ya tashi daga gidan da yake, ya sanar da sabon adireshi cikin kwana goma, ba a gidan waya kaɗai ba, har a asusunsa na hukumar.

Idan takardun suka wuce kwana 105 shiru, yana da damar aika tambaya ta intanet. Akwai kuma ofishin ɗan majalisar wakilai na yankinku, suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, bin kadin irin waɗannan takardu, kuma kyauta ne. Mutanenmu na jin tsoron zuwa, amma ni na ga wanda hakan ya taimaka.

Abu biyu nake so ki tambaye shi a keɓe, ba gaban mutane ba. Ko 'yan sanda sun taɓa kama shi tun sabuntawar ƙarshe, musamman kan tuƙi cikin maye? Ko ya fita Amurka ba tare da takardar izinin tafiya ba? In amsar ɗaya eh ce, to duk gaggawar da na faɗa a sama a dakata da ita kwana biyu, ya ga lauyan shige da fice na gaske tukuna, ba masu cike fom a bayan shago ba. Yara sukan ɓoye wa iyaye irin wannan don kunya.

Kuma kada ya ce bari ya huta sai baɗi. In DACA ɗinsa ta wuce shekara guda a mace, za a ɗauke shi kamar sabon mai nema, sababbi kuwa an daina amince musu tun hukuncin alƙali Andrew Hanen na Texas a Yulin 2021. In ya zauna cikewa wani layi ya rikita shi, ki turo min saƙo, ranar Lahadi bayan la'asar ina gida.