Lambobi muke gani, ina sunan mai su? Tambayoyinku kan rajistar intanet

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nake kula da kwamfutoci da intanet na wata makarantar kuɗi a Aboabo, nan Kumasi. Malamai da ma'aikata kusan 40 ne, kowa yana hawa Wi-Fi ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Kamfanin da ke ba mu intanet ya aiko mana da saƙo cewa daga layinmu ake ta ƙoƙarin kutsawa cikin wata saba, wato babbar kwamfuta mai yi wa wasu hidima, a ƙasar waje, har sun ba mu rana da adireshin IP, wato lambar da ake gane layi da ita a intanet. Shugaban makaranta ya ce in kawo masa sunan wanda ya aikata. Na buɗe rautarmu, na'urar da ke raba mana intanet, ƙirar MikroTik ce, ban ga sunan kowa ba sai lambobi. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A yadda aka shimfiɗa layin naku yanzu, babu hanyar da za ta kai ka ga suna, kuma muna roƙonka kada matsin shugaba ya sa ka ɗora wa wani bawan Allah laifi bisa zato. Tsakanin adireshin IP da mutum akwai gaɓoɓi uku, kowace sai an rubuta ta a lokacin da abin yake faruwa. Wadda ba a rubuta ba ta tafi ke nan.

Gaɓar farko tana bakin rauta. Adireshin da kamfanin ya ambata shi ne na waje, kuma ku 40 ɗin duka da shi kuke fita. A ciki kowace na'ura tana da nata, irin 192.168.88.25, sai rauta ta musanya shi da na wajen, abin da ake kira NAT. Saboda haka ka koma wa kamfanin ka nemi abu huɗu: lokaci har zuwa daƙiƙa, agogon ƙasar da aka rubuta lokacin da shi, adireshin sabar da aka kai wa harin, da lambar ƙofar (port) da haɗin ya fita ta cikinta. Amma waɗannan ba za su amfane ka ba sai in rautar tana rubuta zirga-zirga. A MikroTik ana kunna Traffic Flow, a zaɓi IPFIX ko NetFlow zubi na 9, a tura shi zuwa wata kwamfuta mai Linux da aka sa wa manhajar nfdump. Can ne za ka ga wane adireshin ciki ya yi magana da wane na waje, ƙarfe nawa, ta wace ƙofa, da yawan abin da ya wuce.

Gaɓa ta biyu ita ce DHCP, mai raba adireshin ciki. Aro yake bayarwa, ba kyauta ba. Adireshin da ke hannun wayar malamin lissafi da safe yana iya komawa kwamfutar akawu da azahar. Rautar tana rubuta wa ta ba wa me, sai dai a yadda ta zo daga kamfani layi 1000 kawai take riƙewa a ƙwaƙwalwarta, kuma da wuta ta ɗauke ta dawo, shi ke nan an share. Maganinsa a tura rajistar DHCP ta hanyar syslog, tsarin aika rajista zuwa wata na'ura, ƙofa ta 514, zuwa waccan kwamfutar, a kuma sa mata UPS, batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke. A ƙara wa'adin aron ya kai awa 8 ko 12, yadda mutum zai yini da adireshi ɗaya.

Gaɓa ta uku ce ta fi ba mutane wahala. DHCP lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura, ya sani, bai san mutum ba. A da ana rubuta MAC ɗin kowa a littafi a huta, amma tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙirar MAC na bogi ga kowane Wi-Fi. Ga kuma kalmar sirri ɗaya da ta riga ta zaga, har ɗalibai da maƙwabta ƙila suna da ita. Dole kowa ya samu sunan shiga da kalmar sirrinsa shi kaɗai. Hanya mai ƙarfi ita ce WPA2-Enterprise tare da sabar RADIUS mai tantance masu shiga, kuma FreeRADIUS kyauta ce. Mai sauƙi kuwa ita ce Hotspot na cikin MikroTik ɗin, inda shafin shiga ke buɗewa. Ko wace aka ɗauka, a tabbata an kunna ɓangaren lissafi na RADIUS, mai rubuta hawa da saukar kowa, ƙofa ta 1813, domin ta 1812 tantancewa kawai take yi. A sa shi ya riƙa aiko da rahoto kowane minti 5. Dalili: in wuta ta ɗauke, saƙon rufewa ba ya zuwa, sai rajista ta nuna mutum yana kan layi alhali ya daɗe da komawa gida. Rahoton ƙarshe shi ne zai nuna inda zamansa ya tsaya. Wani abin lura a WPA2-Enterprise: ana tantance mutum kafin a ba shi adireshi, don haka sau da yawa gurbin IP yakan zo fanko a rajistar RADIUS. Sai a haɗa ta MAC: RADIUS ya ba ka suna da MAC, DHCP ya ba ka MAC da IP.

Duk wannan aiki agogo ne ke riƙe da shi. Mu a Gana mun yi sa'a, lokacinmu daidai yake da GMT duk shekara, babu ƙari babu ragi. Amma yawancin ƙananan rautoci ba su da batirin agogo, bayan dumsor, wato ɗaukewar wuta, sai su tashi da lokacin da ba shi ba ne, har sai sun samu gyara daga intanet. A kunna NTP, mai daidaita agogo ta intanet, a rauta, a sa dukkan sauran na'urori su karɓi lokaci daga wuri ɗaya. Ka ƙaddara adireshi ya bar hannun wani ya koma hannun wani da ƙarfe 10:14, agogon rauta kuma yana gaba da minti 7. Abin da aka yi da 10:18 zai faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Game da abin da ke gabanka yau, mu mun fi zargin na'ura a kan mutum. Irin wannan ƙwanƙwasa ƙofar sabobi dare da rana, galibi aikin muguwar manhaja ce da ta kama wata kwamfuta mai ita bai sani ba. Buɗe Torch, mai nuna zirga-zirga kai tsaye, a rautar, ka duba wace na'ura ce ke buɗe haɗi barkatai zuwa ƙofa ta 22 ko 3389, ka cire ta daga layi, ka wanke ta. Ka binciki rautar ita kanta: a 2018 an gano ɓaraka a Winbox, manhajar sarrafa MikroTik, ƙofa ta 8291, da ta ba ɓarayi damar kwashe kalmomin sirri, kuma har yanzu akwai rautocin da ba a sabunta ba. Sabunta RouterOS, manhajar rautar, canza kalmar sirri, rufe 8291 daga waje. In kana son taimakon hukuma, Hukumar Tsaron Intanet ta Gana tana karɓar rahoto a lamba 292.

Ko ranar da gaɓoɓin uku suka cika, abin da za ka kai wa shugaba shi ne "da asusun wane aka yi, daga na'ura kaza, ƙarfe kaza". A kira mai asusun a ji ta bakinsa, domin mutane suna ara wa juna waya, suna barin kwamfuta a buɗe su tafi salla.

Tambaya: Ina aiki a wani ofishi a Nima, Akara. An ba kowannenmu sunan shiga Wi-Fi, aka ce yanzu ana ganin duk abin da muke yi. Shin suna karanta saƙonnina na WhatsApp? Kuma doka ta yarda da haka?

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki ta wannan fuska. Saƙon WhatsApp a kulle yake daga wayarki har wayar wanda kika aika wa, mai rauta ba ya iya karanta shi. Abin da yake gani shi ne sunanki na shiga, lokacin da kika hau da wanda kika sauka, sunayen shafukan da kika ziyarta, da yawan data. Abin da kika rubuta a shafi mai HTTPS, wato mai kulle bayanai, ba ya fitowa. In kwamfutar ofis ce, maganar ta bambanta, don ana iya sa mata manhajar sa ido ko takardar shaidar da ke ba su damar buɗe HTTPS. Harkarki ta gida ki bar ta a wayarki da datarki.

Ta fuskar doka, rajistar da ke ɗauke da sunan mutum bayanan sirrinsa ce a ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2012, wato Doka ta 843. Wajibi ne ma'aikatar ta yi rajista da Hukumar Kare Bayanai, ta sanar da ku abin da take tarawa da dalilinsa, ta tsare shi, kuma kada ta riƙe shi fiye da buƙata. Kina da haƙƙin neman a nuna miki bayanan da aka ajiye a kanki. Sa ido don tsaro abu ne mai kyau, muna goyon bayansa, amma bai dace shugaban sashe ya riƙa leƙa rajista don ya san wa ke kallon me ba. Ki nemi a ba ku ƙa'idar a rubuce, wadda ta fayyace mutum nawa ke da izinin buɗe rajistar.

Tambaya: Kamfaninmu a Adum, Kumasi, yana amfani da Active Directory, tsarin Windows mai riƙe sunayen shigar ma'aikata. Sai mun sake kafa RADIUS?

Amsa: Ga kwamfutocin ofis da aka haɗa da kebul, a'a, Alhaji. Sabar da ke tantance ma'aikata tana rubuta lamba 4768 duk sanda mutum ya nemi tikitin shiga, da 4624 in shigar ta yi nasara, kuma a ciki akwai suna da adireshin IP. Sai dai a tabbata an kunna wannan bibiyar, a kuma riƙa kwashe rajistar zuwa wani wuri, domin in ta cika sabo yana danne tsoho. Haka rajistar DHCP ta Windows, fayil bakwai ne na ranakun mako, ta Litinin ɗin nan tana goge ta Litinin da ta wuce. Kada a dogara da lambar fita, 4634, don gane lokacin da mutum ya tashi, tunda da yawa rufe murfin kwamfuta kawai suke yi. Wayoyi da Wi-Fi kuwa suna buƙatar RADIUS, kuma Windows Server yana da nasa mai suna NPS, wanda zai yi aiki da sunayen da kuke da su.