Zan iya liƙa wa fitilun bayan motata leda mai duhu da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla baƙa, 'yar tokumbo. Ina ganin motocin samari a gari an yi wa fitilunsu na baya duhu, abin yana burge ni. Na sayi ledar da ake liƙawa, amma ban taɓa yi ba. Zan iya yi a gida ko sai na kai wa masu sitika? Kuma akwai matsala da hukuma? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Za ka iya. Aikin bai fi ƙarfin mai haƙuri ba, kuma kayan da ake buƙata yawancinsu suna cikin gidanka. Sai dai kafin ka ɓare takardar bayan ledar, ina so mu tsaya kan ledar da ka saya, don nan ne maganar take.

Ledar fitila kala-kala ce. Akwai mai hayaƙi-hayaƙi wadda mafi yawan haske ke ratsa ta, akwai matsakaiciya, akwai baƙa wuluk. Wadda ke burge mutane a hoto ita ce baƙar, kuma ita ce ba na so ka liƙa. A irin motarka, yawanci ƙwan da ke baya mai zare biyu ne: zare ɗaya mai ƙaramin haske, shi ke ci idan ka kunna fitila da dare, ɗayan mai haske sosai, shi ke tashi idan ka taka birki. Da wannan bambancin na baya ke gane ka fara tsayawa. Da dare ko ta cikin leda mai duhu za a iya hango ja, shi ya sa mutane ke gwadawa da magariba su ce ai ana gani. Gwajin gaskiya da tsakar rana ne, lokacin da rana ke dukan bayan motar. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan na bayanka ya yi jinkirin rabin daƙiƙa kafin ya gane danjarka ta kama, ya ci mita 14, wajen tsawon mota uku. Ka ƙara da hazon hunturu, da ƙurar da ke kwanciya kan fitilar, da tirelar da ke biye da kai a hanyar Zariya.

Akwai kuma abin da masu liƙawa da yawa ba sa lura da shi. A jikin fitilar akwai wani yanki mai ƙananan ƙwayoyi kamar saƙar zuma, wanda ba shi da ƙwai a bayansa. Aikinsa mayar da hasken motar da ta haske ka. Shi ne ke nuna motarka idan ta mutu a gefen titi, batir ya sauka, babu wuta ko ɗaya. To shi wannan haske sau biyu yake ratsa ledar, shiga da fita. Ledar da ke barin rabin haske ya wuce, kashi 25 cikin 100 kawai za ta dawo da shi. Wadda ke barin kashi 20, abin da zai dawo kashi 4 ne, wato motar ta ɓace a duhu. Wannan ne ya fi damu na a duk lamarin, domin ranar da za ka buƙaci wannan yanki ita ce ranar da kake tsaye a bayan motar kana ciro taya daga but. Ka yanke ledar ta zagaye shi, ka bar shi a buɗe. Haka farar fitilar ribas, haka danja ta uku da ke saman gilashin baya, kada ka taɓa su.

Batun hukuma kuwa, dokar hanya ta ce fitilun baya su kasance ja kuma a gan su sarai, kuma jami'an kiyaye haɗurra suna da hurumin tsayar da motar da fitilunta ba sa nunawa. Takardar izinin baƙin gilashi da 'yan sanda ke bayarwa ta gilasai ce, ba ta shafi fitila ba. In kuma wani ya buge ka ta baya, duhun fitilarka ne hujjar farko da zai kawo.

Don haka ka fara da gwaji. Yanki ƙyallen ledar, ka maƙala shi da salatif a fitila ɗaya, ka bar ɗayar yadda take. Ka sa wani ya riƙa taka birki yana saki, kai kuma ka koma baya kamar taku hamsin, da azahar. Ka sa ya kunna sigina ma. Da dare ka kashe komai, ka haska da tocila daga nesa. Idan sai ka ƙura ido kake ganin hasken gefen da ke da ledar, mayar da ita ka karɓo mai haske. Kuma ka tabbata ledar fitila ce, mai laushi da miƙewa idan ta ji zafi. Ledar gilashin taga ba ta miƙewa, a kan lanƙwasar fitila tattarewa za ta yi.

Idan ta ci gwajin, ga yadda ake yi. Ka nemi kwalbar feshi da ruwa mai tsabta, ka ɗiga sabulun ruwa ɗigo biyu ko uku, kada ya yi kumfa sosai. Sai sabuwar reza, handiraya, tsumma mai laushi marar gashi, da tsohon katin banki da za ka naɗe da ƙyalle don shafewa. Yi aikin a inuwa, inda iska ba ta kaɗa ƙura, fitilar kuma ta huce. A rana ruwan zai bushe kafin ka daidaita ledar.

Wanki shi ne rabin aikin. Ƙwayar yashi ɗaya da ta rage za ta zama ƙurji a ƙarƙashin ledar har ranar da ka cire. Ka wanke fitilar da sabulu, ka bi saƙo-saƙon gefe inda ƙura ke taruwa, ka goge. Kada ka kusanto da fetur ko tina, robar fitilar za ta dushe ko ta yi tsage-tsage. Idan za ka iya kwance fitilar daga cikin but ya fi. Yawanci 'yan notuna ne kaɗan, kuma a kan tabarma ko tebur ba ka fargabar reza ta karce fenti.

Yanki ledar ta zarce fitilar da kamar faɗin yatsu uku ta kowane gefe, don ka samu wurin riƙewa. Fesa ruwan a fitilar, ɓare takardar bayan ledar, fesa a ɓangaren gam ɗin, ka ɗora. (Akwai irin da ake liƙawa a bushe, mai ƙananan hanyoyin fitar iska a gam ɗinta, ka tambayi mai shagon wacce ya ba ka.) Fara daga wurin da ya fi shimfiɗewa, ka riƙa tura ruwan daga tsakiya zuwa waje. Idan ka iso lanƙwasa, nan ake son mutum biyu: ɗaya da handiraya, ɗaya yana ja a hankali da hannu biyu. Zafi kaɗan ya isa, da zarar ta yi laushi ka janye. Kada ka tsayar da handirayar wuri ɗaya, kada kuma ka ja da ƙarfi. Inda ka miƙa ta fiye da kima launin zai yi haske ya bambanta da sauran, kuma bayan 'yan kwanaki a ranar nan tamu za ta koma yadda take, bakin ya ɗago. In ta tattare, ɗago ta, ka ɗan gasa ta saki, ka sake kwantarwa. Fitilar farko za ta iya cin awa guda, kuma ba abin mamaki ba ne ka ɓata yanki ɗaya, shi ya sa ake sayen ƙari.

Da ta kwanta ko'ina, ka bi gefen da reza, hannu sako-sako, ka bar ɗan baki ka tura shi bayan fitilar. Sake bin gefunan da zafi kana dannawa da yatsa. Ka bar motar kwana biyu ba wanki, kuma daga baya ka gaya wa masu wankin mota kada su saita ruwa mai ƙarfi a bakin ledar. Ƙananan ƙurajen ruwa da za ka gani da farko rana za ta shanye su cikin 'yan kwanaki. Na iska kuwa sai ka huda da tsinin allura ka danne.

Wasu za su ce maka ka liƙa baƙar kawai, sannan ka sa ƙwan LED mai ƙarfi ya rama. Ban ba ka wannan shawara ba. An ƙera cikin fitilar ne don ƙwai mai zare, kuma LED masu araha sau da yawa haskensu na dare da na birki kusan ɗaya ne, ga shi suna sa sigina ta riƙa ƙiftawa da sauri. Ba kuma abin da za su yi wa yankin nan mai mayar da haske. Fentin feshi ma ka bar shi, in ya yi duhu da yawa fitar da shi wahala ne.

Leda dai ko ba ta yi maka ba, fita take. Ka ɗumama ta da handiraya, ka kama kusurwa ɗaya ka ja a hankali, ragowar gam ɗin ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu. In ka ga ta fara dushewa ko tsattsagewa bayan shekara biyu ko uku, cire ta tun tana fita a dunƙule, don idan ta gama ƙonewa gutsure-gutsure za ka riƙa ɓanɓarowa da farce.